GARGAƊI: Ku Duba Ruwanku Kafin Feshin Albasa Ya Kankama

Zuwa ga manoman rani, masunta, makiyaya, iyayenmu mata masu ɗiban ruwa, malaman makaranta, limamai, masu gari da magadan gari na gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa.



Damina ta ja jiki. Tabkuna sun cika, madatsun ruwa sun ɗauka, kuma daga Karofan zuwa Sabon Gida, daga Tama zuwa Ibohaman, an shiga gyaran garake da zuba irin albasa. Nan da 'yan makonni famfon feshi zai hau bayan samari, ba zai sauka ba sai an cire albasa. A daidai wannan lokacin ne ruwan da muke sha, muke shayar da bisashe, muke kamun kifi a ciki, yake fara janyewa, duk abin da ya faɗa masa kuma sai ƙara kauri yake yi. Guba na shiga ruwanmu, ba kowane tabki ke da mai auna shi ba, kuma in muka jira sai mun ga kifi ya taso ciki sama, mun riga mun makara.

Akwai masu ba da labari tun kafin kifi ya mutu. Su ne ƙananan halittun da ke ƙarƙashin duwatsu, cikin laka da gindin ciyawar bakin ruwa: 'ya'yan mazari, ƙwarin ruwa, tsutsotsi, katantanwa, matsattsaku. Kowane gari na iya koyon karanta labarinsu da rariya da farin faranti. Dole mu fara bana, kuma tun yanzu, kafin feshi ya yi ƙarfi.

Inda haɗarin yake

Ƙasarmu ta Adar tudu ce da kwari. Abin da aka zubar a tudu, kwari ne masaukinsa. Koramar Majiya na kwasar ruwan ƙasar Buza da ta Madawa, ta cika madatsun Mozage da Zango da ke shayar da gonakin Ƙonni, ta tsallaka iyaka ta ƙare a tabkin Kalmalo kusa da Illela. Fadamar Tarka ta ratsa Karofan da Madawa ta gangara wajen gulbin Rima. A cikin wannan fadamar ruwan ƙasa ba shi da nisa. Abin da ya sa noman albasa ya yi albarka ke nan, shi ne kuma ya sa abin da aka zuba bisa ƙasa ba ya daɗewa ya isa rijiya.

Abu huɗu ke lalata mana ruwa.

Na farko maganin ƙwari. Yawancinsa daga kasuwa ake sayo shi, a hannun wanda bai san abin da ke cikin kwalbar ba. Ƙungiyar manoma ta ƙasa, RECA, ta sha bin kasuwannin Nijar tana ƙirga magungunan da ake sayarwa, ta kuma sha bayyana cewa mafi yawansu ba su da izinin kwamitin CSP, wanda ke tantance magungunan feshi a ƙasashen Sahel. Cikinsu akwai piya-piya, wanda ake rubuta wa DDVP, akwai kulorfirifos, akwai dangin lamda da sifametirin. Dukansu jijiya suke kamawa. Dangin lamda kuwa, ɗigonsu kaɗan ya isa ya kashe kifi da ƙwarin ruwa. Kulorfirifos, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2020, amma ga shi nan a rumfunanmu.

Na biyu takin zamani. Ure da sha biyar-sha biyar ɗin da shuka ba ta ci ba, ruwa ke wanke su zuwa tabki. Gansakuka ta samu abinci ta rufe fuskar ruwa, da dare ta shanye iskar da ke cikinsa, in ta ruɓe ta ƙara shanye ta. Halittar da ke numfashi cikin ruwa sai ta shaƙe.

Na uku ƙazanta: bahaya a bakin korama, kashin bisashe a mashaya, mushe, ruwan wanki, baƙin man injin ban ruwa.

Na huɗu laka. Duk inda aka sare itace, aka bar gandari ya rushe, korama na kwaso jar ƙasa ta binne tsakuwar da halittu ke maƙalewa, ta cike madatsa. Mutanen Ibohaman sun san yadda laka ke cin cikin madatsarsu shekara da shekaru.

Me ya sa ƙwarin ruwa?

Ruwan da aka ɗiba a kwalba aka kai ɗakin bincike a Yamai, labarin wannan sa'ar kaɗai yake bayarwa. In an wanke famfon feshi ranar Litinin, aka ɗibi ruwa ranar Jumma'a, mai yiwuwa gubar ta riga ta narke ko ta kwanta cikin laka. Amma ɗan mazari ba ya iya ƙaura. Makonni yake yi, wani ma watanni, yana zaune wuri guda kafin ya yi fiffike. In guba ta bi ta kansa ya mutu, rashinsa zai ci gaba da ba da shaida bayan gubar ta wuce.

Halittun kuma ba juriyarsu ɗaya ba. Wasu ba sa rayuwa sai cikin ruwa mai tsabta da iska. Wasu, kamar jajayen tsutsotsin laka, ko a ruwan kwata suna ƙiba. Idan iri-iri suka taru wuri guda, ruwa na da lafiya. Idan masu laushin rai suka ɓace, masu taurin rai suka cika wuri, wani abu ya faru. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga kuma abin da ya shafi lafiyar 'ya'yanmu kai tsaye. 'Ya'yan mazari da ƙwarin ruwa su ne ke cinye 'ya'yan sauro. In guba ta share tabki, sauro ne ke fara dawowa, domin daga ƙwai zuwa tashi kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi lokacin zafi, maƙiyansa kuwa sai sun ɗauki lokaci. Bayan haka, maganin da ke jikin yawancin sangen da ake rabawa dangin lamda ne. Sauron da ya tashi cikin ruwa mai ɗan burbushin wannan magani, jikokinsa na sabawa da shi, har sange ya rage musu kaifi. Mai wanke famfo a tabki, ba da saninsa ba, yana kiwon sauron da zai shiga ɗakinsa.

Wasu sun riga mu, kuma ya yi musu amfani

A Ingila masu kamun kifi da ƙugiya sun saba duba ƙwarin kogunansu wata-wata, suna kai rahoto ga hukumar muhalli. A watan Yuli na 2013 masu irin wannan aikin sa kai suka tarar ƙwarin kogin Kennet sun mutu. Bincike ya nuna kulorfirifos ne, abin da aka ƙiyasta bai wuce cokali biyu ba, ya share halittun kogin na tsawon kilomita kusan 15. Ruwan garau yake a ido. Talakawa masu rariya ne suka fara gano ɓarnar. Ku tuna kwalba nawa ta wannan maganin ake ɗauraye wa a bakin tabki guda a fadamarmu.

A Afirka ta Kudu masana sun sauƙaƙa hanyar binciken da suke amfani da ita suka fitar da miniSASS, inda aka kasa halittun ruwa rukuni 13, kowane rukuni da makinsa, har 'yan makaranta na iya auna lafiyar koginsu. An tsara ta ne don kogi mai gudu, makinta ba zai zauna daidai bisa tabkunanmu ba, amma dabarar tamu ce in mun so.

Kusa da mu, a Senegal, cikin shekarun 1990, aikin Locustox na hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ya bi tabkunan damina irin namu don ganin abin da feshin fara ke yi musu. Cikin halittun da aka ga magani na saurin kashewa akwai ƙwaron nan mai iyo a rigingine da ƙananan jatan landen tabki. Duka biyun yaranmu sun san su.

Yadda ake dubawa

Kowane gari ya zaɓi mutum uku zuwa biyar: manomi, masunci ko makiyayi, mace daga cikin masu ɗiban ruwa, da wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami.

Kayan aiki: rariya mai ƙananan ido da aka ɗaura wa doguwar sanda, farin faranti ko farar roba, cokali, takalmin roba mai tsawo, safar hannu, littafi da alƙalami. Wayar da ke ɗaukar hoto na da amfani ƙwarai. Kada a yi rariya da sange, domin akwai magani a jikinsa.

A zaɓi wuri biyu a ruwa guda: ɗaya kusa da garake ko mashaya, ɗaya nesa da su. In korama ce ko magudanar madatsa, ɗaya sama da gari, ɗaya ƙasa da shi. A sa alama, kullum nan za a riƙa komawa.

Da safe, a ja rariya cikin ciyawar bakin ruwa da saman laka na minti biyar. A ɗaga duwatsu a wanke bayansu cikin rariyar. A juye cikin faranti da ɗan ruwa, a dakata laka ta kwanta. Masu rai za su fara motsi.

A rubuta ranar, wurin, launin ruwa, warinsa, da irin halittun da aka gani, kowane iri ko kaɗan ne, ko da dama, ko da yawa. A rubuta ko an yi feshi kusa cikin makon. A ɗauki hoto, a mai da halittun ruwa, a wanke hannu da sabulu.

A yi haka sau biyu a wata. Dubawar farko ita ce mafi daraja, kuma yanzu ne lokacinta. Wanda bai san abin da ke cikin tabki kafin feshi ba, ba zai san abin da ya ɓace bayansa ba. Tabkin da ke ƙafewa dama halittunsa na raguwa da kansu, shi ya sa ake gwada wuri da wuri, watan bana da watan baɗi.

Abin da za ku gani da ma'anarsa

Alamar lafiya: ɗan mazari, mai ƙafa shida da manyan idanu, yana rarrafe a hankali. Siririn ɗan'uwansa mai jela uku kamar ganye. Ƙaramar tsutsa mai ƙafafu da jela uku sirara kamar gashi, mai kaɗa gefen cikinta. Ita ce mafi saurin mutuwa in ruwa ya ɓaci. Tsutsar da ke gina wa kanta kube da yashi ko tsinke. Ƙwaro mai iyo a rigingine, da baƙaƙen ƙwari masu kewaya bisa ruwa. In kun samu iri biyar, shida ko fiye, ku gode wa Allah, ku tsare wurin.

Alamar ƙazanta: jajayen tsutsotsi sun yi yawa, matsattsaku da 'ya'yan sauro sun cika faranti, ga farar tsutsa mai doguwar wutsiya, ga ruwa kore ko baƙi mai wari, sauran halittu kuwa babu.

Alamar guba: wurin da makon jiya ke cike da rai, yau faranti shiru, ko gawarwakin ƙwari sun taru a gaɓa, kwaɗi sun mutu, kifi na hamma a sama, alhali ruwan bai canza launi ba. Wannan ba ta jiran gobe. A hana sha, a hana shayar da bisashe, a hana cin kifin wurin da sayar da shi, a kai labari ranar.

Alamar tsargiya: ƙananan katantanwa maƙale a bayan ganyen bado da ciyawa. Wasu irinsu ne ke ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa fitsarin jini. Tana fita daga jikinsu ta huda fatar mai wanka. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce, ciwo ne mai lalata mafitsara da ƙoda, kuma akwai maganinsa a likita. Inda aka ga katantanwa da yawa, a sanar da ma'aikatan lafiya, a hana yara wanka da fitsari a wurin.

Abin da za a bari daga yau

1. Kada a wanke famfon feshi, bokiti ko tufafin feshi a tabki, korama, madatsa ko bakin rijiya. A ɗebo ruwa a tafi nesa, aƙalla taku talatin.

2. Kada a tsoma kwalbar magani ko bakin famfo cikin rijiya don ɗibar ruwan haɗi.

3. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin famfo a fesa a gona, a huda ta. Ba a zuba mata ruwan sha, nono, mai ko fura, komai wankin da aka yi mata.

4. Kada a yi feshi cikin iska, ko a fangalin da ke manne da ruwa, ko ana gab da ban ruwa.

5. Kada a ƙara magani fiye da ƙa'ida, kada a haɗa iri biyu ko uku don wai ya fi ƙarfi. A nemi mai lambar izinin da ta ƙare da kalmar SAHEL, a tambayi malamin gona.

6. Kada a kama kifi da guba ko da sange. Mai yin haka ya ci na yau, ya kashe na shekara, ya kuma sayar wa mutane ciwo.

7. Kada a yi bahaya ko a yar da mushe a korama, ko da ta bushe. Ruwan farko zai kwaso shi ya kawo mana.

8. Kada kowa ya shiga korama tana gudu don neman ƙwari. Kada yaro ya je dubawa ba babba, kada a shiga ruwa ba takalmi.

In mai feshi ya fara dalalar da miyau, zufa, amai, jiri ko numfashi da ƙyar, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi likita tare da kwalbar maganin. Kada a ɗura masa nono ko mai, kada a sa shi amai da gangan.

Kada a ruɗu

Ganin ƙwari masu rai ba ya nufin ruwa ya halatta a sha haka nan. Ƙwayar kwalara ba ta kashe ɗan mazari, ba a kuma ganinta a faranti. Mun ga abin da ciwon amai da zawo ya yi a jihar Tawa a 2021, muka sake ganinsa a 2024 bayan ambaliya, a Buza da Madawa da Ƙonni. Ruwan tabki da na buɗaɗɗiyar rijiya, a tace shi, a tafasa ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa. A sani kuma tafasawa na kashe ƙwayar cuta, amma ba a dogara da ita wajen gubar feshi. Ita maganinta ɗaya: kada ta shiga tun farko.

Wa za a kai wa labari

A fara da mai gari, a wuce wurin magajin gari. Maganar guba da mutuwar kifi ta ma'aikatan gandun daji da muhalli ce, da ma'aikatar kare tsirrai. Maganar rijiya ta ma'aikatar ruwa ce. Katantanwa, fitsarin jini da zawo na likita ne. A je da littafi da hotuna. Koke da baki ana iya mantawa da shi. Rubutun wata shida mai kwanan wata yana da wuyar turewa. Dokar ruwa ta ƙasa, ta shekarar 2010, ta hana gurɓata ruwa, don haka mai kai rahoto ba tsegumi ya yi ba, haƙƙin jama'a ya tsare.

Littafin nan ba na farautar maƙwabci ba ne. Mafi yawan masu wanke famfo a tabki ba mugunta ke sa su ba, ba a taɓa nuna musu abin da ke mutuwa ba ne. Ku kira su su leƙa farantin da idonsu.

Ranku ya daɗe sarakunanmu da hakimai, ku sa doka a bakin kowane ruwa, ku keɓe wurin wankin kayan feshi nesa da shi. Malamanmu, ku faɗa a huɗuba cewa cutar da ruwan jama'a zalunci ne, ko da ba a ga mai yi ba. Malaman makaranta, ku mai da wannan darasi, yara su zana halittun, su tambayi kakanninsu sunayensu. Masu sayar da magani, kada ku sayar da abin da ba za ku iya bayaninsa ba. Malamai da ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da masanan cibiyar binciken noma ta INRAN, muna roƙonku ku fitar mana da takardar hotuna ta halittun tabkunan Adar, da sunayensu na Hausa da Tamajak da Fulatanci, ku kuma zo da kayan awo duk inda littafin gari ya nuna alamar guba. Gidajen rediyon karkara, ku ba masu dubawa fili su faɗi abin da suka gani.

Aikin nan bai fi ƙarfinmu ba. Tun 1975 mutanen Majiya suka fara jera layukan bedi don tare iska, har aka riƙa zuwa daga wasu ƙasashe ana kallo. Daga 1984 matan Keita suka ɗauki duwatsu a ka, suka yi gandari bisa tsaunuka, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka gina madatsun da muke noman rani da su yau. Ƙyallen tace ruwa da sa ido na 'yan sa kai a ƙauyuka ne suka kori kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Iyayenmu sun sha wahalar tara wannan ruwa. Abin da ya rage mana shi ne kada mu zuba masa guba da hannunmu.

Don haka cikin makon nan kowane gari ya zauna, ya zaɓi mutanensa, ya sayi rariya da littafi, ya yi dubawar farko kafin a dasa albasa. Wanda ya karanta wannan gargaɗi ya karanta wa wanda bai iya ba. A faɗe shi a masallaci, a kasuwa, a bakin rijiya da wurin taron ƙungiyoyin manoma da na mata.

Allah ya tsare mana ruwanmu da lafiyar iyalanmu, ya sa albarka a noman bana. Amin.